Binciken gigin tsufa: ta ina 'yar Agege za ta fara?

Tambayar da aka aiko: "Ni haifaffiyar Agege ce, na yi digiri a aikin jinya, ina aiki a wani asibiti a nan Legas. Tun da kakata ta rikice nake sha'awar zama malamar jami'a mai bincike kan tsufa da mantuwa da lafiyar ƙwaƙwalwa. Amma ana ce mini fannin na likitoci ne, kuma babu abinci a cikinsa. Ta ina zan fara?"

'Yata, Allah ya ba Hajiya sauƙi, ku kuma ya ba ku ladan jinya. Masu cewa fannin na likitoci ne kaɗai ba su san shi ba. Masu cewa babu abinci suna da 'yar gaskiya, kuma zan zo kanta ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Amma ina so ki fara sanin inda giɓin yake, domin shi zai nuna miki hanyar da za ki bi.

Kusan duk abin da duniya ta sani game da gigin tsufa a Najeriya daga ƙasar Yarabawa ya fito. A 1992 Farfesa Benjamin Osuntokun na Jami'ar Ibadan da Hugh Hendrie na Jami'ar Indiana suka fara wani aiki na kwatanta tsofaffi 'yan shekara 65 zuwa sama a unguwar Idikan ta Ibadan da baƙaƙen fatan birnin Indianapolis na Amurka, da ma'auni iri ɗaya. Sakamakon da suka fitar a 1995 ya ba mutane mamaki: masu gigin tsufa kashi 2.29 cikin 100 ne a Ibadan, kashi 8.24 a Indianapolis. Da suka ci gaba da bin mutanen, a 2001 suka nuna cewa sababbin masu kamuwa a shekara kashi 1.35 ne a Ibadan, can kuma 3.24. Har ƙwayar gadon nan APOE4, wadda a tsakanin Turawa ke ƙara haɗarin cutar Alzheimer sosai, wato nau'in gigin tsufa da ya fi yawa, tasirinta ya fito da rauni a jikin Yarabawa. Daga wannan aiki ne sunayen su Adesola Ogunniyi da Olusegun Baiyewu suka fito duniya. Bayansa Farfesa Oye Gureje ya jagoranci binciken tsufa na Ibadan daga 2003, inda aka bi tsofaffi sama da 2,000 a jihohi takwas masu jin Yarabanci, aka gano ciwon damuwa ya yi musu yawa fiye da yadda kowa ya zata, kuma kaɗan ne ƙwarai suka taɓa samun magani.

To Hausawa fa? An yi 'yan bincike ƙanana a Zariya da Jos, kuma masu yin su sun kyauta. Amma babu wani aiki mai girman na Ibadan da ya bi tsofaffinmu shekara da shekaru. Al'umma mai miliyoyin mutane, daga Katsina har Agadas, ga na Kumasi, ga mu nan a Ikko, idan aka tashi lissafin yadda ƙwaƙwalwar tsofaffinmu ke tsufa sai a ari alƙaluman wasu a ɗora mana. Abincinmu daban, yawan haihuwa daban, irin karatun da aka yi da ƙuruciya daban, auren zumunci ya fi yawa a wurinmu. Babu dalilin ɗauka cewa lissafin Idikan shi ne na Fagge ko na Agege.

Abin da ya hana a yi aikin, kafin ma maganar kuɗi, shi ne ma'auni. Bari in nuna miki da idonki. Ki ɗauki dattijon da ya shekara 50 yana sayar da shanu a Oko-Oba, ya sauke Alƙur'ani tun yana saurayi, amma bai taɓa zama a ajin boko ba. A zaunar da shi a ɗakin likita, a ɗauko takardar gwajin da ake kira MMSE, wadda aka tsara a Amurka a 1975, mai maki 30. A ce ya rubuta jimla. A ce ya kwaikwayi zanen wasu siffofi biyu masu kusurwa biyar-biyar da suka shiga juna. A tambaye shi yau nawa ga wata, ya ba da amsa da watan Musulunci, mai gwajin da bai san lissafin ba ya ja masa sifili. Ko a ɗauko MoCA ta ƙasar Kanada, a ce ya zana agogo ya sa hannuwansa a sha ɗaya da minti goma, alhali shi da inuwa da kiran salla yake sanin lokaci. A nuna masa hoton dabbobi uku: zaki ya sani, raƙumi kuwa har dariya zai yi, amma ta tsakiyar karkanda ce, bai taɓa ganinta ba. A ƙarshe a tara maki a ce ƙwaƙwalwarsa ta taɓu. Mutumin nan kuwa yana riƙe da bashin mahauta goma sha a ka, ko sisi ba ya ɓace masa.

Alamun gaskiya a wani wurin suke. Sai ya fara ɓata lissafin raka'o'i kullum, ya yi sallar La'asar sau biyu. Ya fita masallacin da ya shekara 30 yana zuwa ya kasa gane lungun gida. Ya ɓoye kuɗi a cikin matashi, ya manta, ya ce matar ɗansa ce ta sace. Ya ci tuwo yanzu, baƙo ya shigo ya ce masa tun jiya ba a ba shi komai ba. Iyali ne ke ganin waɗannan, kuma da Hausa za su faɗe su, cikin kunya da kewaye-kewaye. Masu binciken Ibadan sun gane wannan tun farko, shi ya sa gwajinsu na CSI-D ya haɗa da hira da wani na kusa da tsohon, kuma Baiyewu da abokan aikinsa suka ƙirƙiro gwajin tsinken ashana: a jera ashana huɗu a wata siffa, a ce tsoho ya maimaita, ba sai ya riƙe biro ba. Gwajin IDEA da aka gwada a Tanzaniya da Lalupon kusa da Ibadan shi ma don marasa boko aka yi shi. Mayar da irin waɗannan Hausa aiki ne na gaske, ya wuce fassara. Sai an gwada su a kan ɗaruruwan tsofaffi lafiyayyu an ga makin da mai lafiya ke ci, na birni da na ƙauye, mai allo da mai boko, sannan a kwatanta da hukuncin ƙwararren likita. Wannan kaɗai ya isa digiri na biyu da na uku, kuma duk wanda zai zo bayanki sai ya ambaci sunanki. A ganina nan ya kamata ki sa ido.

Zaman ki a Legas kuma riba ce. Asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba, wanda ya faro tun 1907, yana da makarantar horar da ma'aikatan jinya a fannin taɓin hankali. Kwalejin koyon likitanci ta Jami'ar Legas da asibitin LUTH suna Idi-Araba, katanga ɗaya da unguwar Hausawa. Cibiyar binciken lafiya ta ƙasa, NIMR, tana Yaba, asibitin koyarwa na jihar Legas, LASUTH, yana Ikeja. A Idi-Araba ne Farfesa Njideka Okubadejo ke aiki, wadda ta jagoranci ɓangaren Najeriya na binciken da ya gano a 2023 wani sauyi a ƙwayar gado ta GBA1 mai ƙara haɗarin cutar karkarwa ta Parkinson ga 'yan asalin Afirka. Ibadan kuma tafiyar jirgin ƙasa ce daga Ebute Metta: can ne cibiyar kula da tsofaffi ta Tony Anenih take a asibitin koyarwa na UCH tun 2012, can ne kuma Farfesa Rufus Akinyemi yake, wanda ke jan ragamar haɗakar masu binciken gigin tsufa ta Afirka. Waɗannan mutane suna da ɗakunan gwaji da abokan hulɗa a waje. Abin da zai yi musu wuya shi ne shiga gidan Bahaushe a Agege ko Mile 12 ko Obalende, a shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida, tsohuwa ta saki jiki ta yi magana. Ke kuwa mayafi kawai za ki yafa ki yi sallama.

Hausawan Legas ma su kansu tambaya ce mai zaman kanta. Kin san al'adarmu: da zarar dattijo ya fara rikicewa sai 'ya'ya su ce a mayar da shi gida, a sa shi a mota zuwa Kano ko Sakkwato, wurin da ƙila ya bari tun kafin yaƙin basasa. Idan kika ƙirga masu gigin tsufa a Agege za ki same su kaɗan, sai ki yi murna a banza, alhali marasa lafiyan an kwashe su ne. Me ke faruwa da wanda aka raba da lungun da ya sani aka kai shi inda bai gane kowa ba? A asibiti mun san sauyin wuri yana ƙara musu ruɗewa. Wa ke jinyarsa a can, da kuɗin wa? Ga waɗanda aka haifa a nan, masu jin Hausa da Yarabanci da Turancin buroka: ana muhawara a duniya kan ko jin harsuna da yawa yana jinkirta bayyanar cutar, ga ki zaune a tsakiyar mutanen da suka dace da tambayar. Sannan ga tsofaffin matan da ke fita su ɓace a titi, a same su ba sa iya faɗin sunansu, jama'a su taru a kansu ana cewa mayya ce ta faɗo. Wannan yana faruwa a garin nan, kuma da yawansu marasa lafiya ne kawai.

Kada ki bari ƙyale-ƙyalen fannin ya ɗauke miki hankali. Za ki ji ana ta maganar amiloid, furotin ɗin da ke taruwa a ƙwaƙwalwa, wanda ake dangantawa da cutar tun bayan da Alois Alzheimer ya bayyana ta a Jamus a 1906. Za ki ji labarin maganin lecanemab da Amurka ta amince da shi a 2023. Da ya fito a 2023 farashinsa dala 26,500 ne a shekara, ana fara ba da shi ta jijiya duk mako biyu, sai an riƙa ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa don gudun kumburi da zubar jini, kuma rage gudun cutar kawai yake yi kaɗan. Ki karanta ki sani, amma ba shi zai taimaki Hajiya ba. Abin da ya shafe mu yana cikin rahoton kwamitin mujallar Lancet ƙarƙashin Farfesa Gill Livingston, wanda a 2024 ya lissafa abubuwa 14 da ake iya gyarawa, ya ce suna da hannu a kusan kashi 45 cikin 100 na masu gigin tsufa. A ciki akwai hawan jini, ciwon suga, raunin ji, raunin gani, ƙarancin karatu, ciwon damuwa, kaɗaici, bugun kai, taba da gurɓatar iska. Ki dubi jerin nan da idon 'yar Legas: ɗan acaɓan da ya faɗi ba hular kwano, hayaƙin janareta a ɗaki ɗaya, tsohon da ke shan maganin hawan jini sai ranar da kansa ya yi ciwo, yanar idon da aikin minti kaɗan zai cire amma an bar ta shekaru. A wurinmu hawan jini da shanyewar ɓarin jiki suna da babban kaso a lalacewar ƙwaƙwalwa. Duk wannan filin ma'aikaciyar jinya ne tun daga farkonsa har ƙarshe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu cutar sun haura miliyan 55, sama da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, ana samun sababbi kusan miliyan 10 duk shekara.

Yanzu matakala. Likita yana bi ta horon ƙwarewa a fannin taɓin hankali ko jijiyoyi ko likitancin iyali, ya ci jarrabawar kwalejin ƙasa da ke Ijanikin ko ta Afirka ta Yamma, jami'a ta ɗauke shi a matakin lakcara na ɗaya. Ke taki hanyar ita ce digiri na biyu, sannan na uku. Kina iya yin na biyun a aikin jinya, ko lafiyar al'umma, ko ilimin bazuwar cututtuka da ƙididdiga. Da ni ce ke, na ƙarshen zan ɗauka, domin wanda ya iya tsara bincike ya kuma iya sarrafa alƙaluma ba ya rasa mai nemansa. Ki koyi manhajar R, kyauta ce, ko Stata. Amma idan burinki koyarwa a sashen jinya ne, ki tambayi sashen tun yanzu wane digiri suke karɓa, domin wasu ba sa ɗaukar wanda ya yi na biyu a wani fanni. Daga nan hawa ne: mataimakiyar lakcara, lakcara ta biyu, ta ɗaya, babbar lakcara, mataimakiyar farfesa, farfesa. Ba a wuce tsakiya ba tare da digirin digirgir ba, kuma kowane mataki da adadin maƙalun da ake so.

Wajen zaɓen malamin da zai duba aikinki, kada girman suna ya ruɗe ki. Ki nemi ɗalibansa na baya ki tambaye su a asirce shekara nawa suka yi, kuma yana karanta abin da aka kai masa ko ajiyewa yake. Na ga yarinya mai hazaƙa da babi ɗaya ya kwana a teburin wani malami har ta haihu ta yaye. Babban lakcara mai lokacinki ya fi farfesan da kullum yana filin jirgi. Kuma idan za ki rubuta wa wani, kada ki ce "ina sha'awar bincike, ku taimaka mini". Ki karanta maƙalarsa, ki ce ga abin da kuka yi da Yarabanci, ni ina jin Hausa, ina da hanyar shiga Agege, ina so in gwada shi a can. Irin wannan wasiƙa ake amsawa.

Maganar mujallu kuma a yi hattara. Akwai na bogi da za su turo miki saƙo suna yabonki, ki biya dala kaɗan a buga cikin mako guda ba wanda ya duba. Suna ƙara tsawon takardar neman aiki, amma duk mai ba da tallafi na waje ya san su, kuma ganinsu a sunanki yana rage miki daraja. Maƙala biyu a mujallar da rumbunan maƙalun kimiyya na PubMed ko Scopus ke lissafawa sun fi goma a can.

Batun abinci. Albashin malamin jami'a a Najeriya ba ya riƙe gida a Legas yadda ya kamata, kuma a 2022 an yi wata takwas ana yajin aiki. Kada ki ajiye aikin asibiti sai kin riƙe wani a hannu. Abin da ke raya mai bincike shi ne tallafi. Hukumar tallafa wa manyan makarantu, TETFund, tana ɗaukar nauyin karatun malamai da bincikensu, amma sai kina cikin ma'aikatan jami'a ko kwalejin gwamnati. Shirin CARTA, wanda cibiyar APHRC ta Nairobi da Jami'ar Wits ke jagoranta, yana horar da masu digiri na uku daga jami'o'in da ke cikinsa, ciki har da Ibadan da Ife. Cibiyar GBHI, mai rassa a San Francisco da Dublin, tana ɗaukar mutane horon shekara guda kan lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma ba likitoci kaɗai take ɗauka ba, har ma'aikatan jinya da 'yan jarida da masu fasaha. Ga tallafin karatu na Commonwealth, ga Wellcome, ga Alzheimer's Association. Za a ƙi ki sau da yawa kafin a karɓe ki. Kowa haka ya sha. Da yawa kuma idan sun fita ba sa dawowa, ban kuma ga laifin mai neman na kansa ba, sai dai ki sani abin da ya sa za a neme ki a can shi ne mutanen da kike iya kaiwa gare su a nan.

Ta fuskar doka an ɗan motsa. Sai a Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958 da muka gada daga Turawa, kuma akwai cibiyar kula da dattawa ta ƙasa da aka kafa bisa dokar 2017. Aiwatarwa na tafiyar hawainiya, wanda shi ma abin bincike ne. Kuma kada ki ɗauka tunanin kula da mai taɓin hankali a cikin jama'arsa baƙo ne: Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara shi a ƙauyen Aro kusa da Abeokuta tun 1954, majinyata na zaune a gidajen mutane tare da danginsu.

Kafin ki yi wa tsoho ko ɗaya tambaya da sunan bincike, sai kwamitin ɗa'a na asibiti ko jami'a ya amince a rubuce. Ki je wa Sarkin Hausawa da limamai, amma amincewarsu ba ta maye gurbin ta tsohon kansa, kuma idan hankalinsa bai kai ba sai wanda ke tsaye a kansa ya yarda, shi ma a duba ko yana so. Kada ki shiga gida da kalmar hauka a bakinki, ƙofa za a rufe. Mutanenmu sun san wannan hali, suna neman tsari da shi a addu'a, ga shi a Suratun Nahli aya ta 70, mutum ya kai ƙasƙancin rayuwa har ya rasa sanin abin da ya sani. Daga nan ake fara hira. Ki kuma tambayi mai jinyar lafiyarta ita ma. Yawanci 'ya ce ko suruka, ba ta barci, ta bar sana'arta, ana zarginta da sata, ba wanda ya taɓa ce mata sannu.

Ita kuma Hajiya, idan ba a yi ba, ku kai ta a duba ta sosai kafin a ce tsufa ne. Idan rikicewar ta zo farat ɗaya cikin kwanaki, a nemi ciwon fitsari, zazzaɓi, hawa ko faɗuwar suga, ko wani magani da take sha, musamman na barci da na mura. A auna sinadarin B12 da aikin maƙoƙo, a duba ido da kunne, a tambaya ko damuwa ce, domin duk waɗannan suna kama da gigin tsufa kuma suna jin magani. Idan an tabbatar cutar ce, donepezil ko memantine na iya ɗan taimakawa na wani lokaci, ba sa warkarwa. Ku bar ta a ɗakin da ta saba, ku daina yi mata gardama idan ta kira ki da sunan mahaifiyarki, ku ɗinka lambar waya a cikin mayafinta, kuma ku raba kwanan jinya tsakaninku kada a bar wa mutum ɗaya.